Sunan Tela da Aikin da Yake Ƙin Karɓa

A wurin ɗaurin aure ko a filin Idi, idan kaftani ya zauna a jikin mutum yadda ya kamata, wuya bai tashi ba, kafaɗa ba ta zube ba, hannu bai wuce inda agogo yake ba, da wuya taro ya watse ba a sami wanda ya matso ya tambaye shi wanda ya yi masa ɗinkin ba. Amsar da mai rigar zai bayar a wannan lokaci ita ce ainihin jarin tela, domin ko dai ya ambaci sunansa da unguwar da shagonsa yake har ya ba da lambar wayarsa, ko kuma ya ce wani yaro ne a can Fagge, magana ta mutu a nan. Teloli biyu suna iya yin kunnen doki a gwaninta, amma ɗaya ana kiran sunansa a majalisa, ɗayan kuwa yana nan a matsayin "wani yaro" har furfura ta fito masa.

Na daɗe ina ɗinkin maza a Kano, kuma a 'yan shekarun nan matasan da suke buɗe nasu shagunan sukan zo mini da tambaya iri ɗaya: yaya mutum zai yi ya fita daban a garin da kowane lungu yake da tela? Yawancinsu sun riga sun yanke wa kansu amsa kafin su tambaya, wato a zana tambari mai kyau, a laƙaba wa shago suna mai kama da na ƙasar waje, a buɗe shafi a Instagram da TikTok. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma zan taɓo su a gaba. Sai dai abin da na gani da idona a kan waɗanda suka yi suna kuma sunan ya ɗore shi ne, ba yawan aikin da suka karɓa ne ya ɗaga su ba, aikin da suka ƙi karɓa ne.

Kafin maganar ƙin aiki, akwai abin da ya kamata a fara gyarawa, shi ne aikin da yake fita daga hannunka ba tare da sunanka a jikinsa ba. Wannan tsohuwar asara ce a ƙasarmu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus, kuma garin Kura ya yi suna a wurin Buzaye saboda baƙin yadinsa mai ƙyalli da aka rina da baba aka buge. Wannan kaya ya tafi da sunan inda aka yi shi, don haka mai saye ya san abin da zai nema. Fata kuwa ba ta yi wannan sa'a ba. Fatun jajayen awaki na ƙasar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa sun bi ayari sun ƙetare Sahara, daga tashoshin Arewacin Afirka suka shiga Turai, inda aka riƙa yin bangon littattafai masu tsada da su, amma sunan da Turawa suka san su da shi shi ne fatar Maroko. Majemi yana Kano ko Sakkwato, yabo yana tafiya wata ƙasa.

Irin wannan ne yake faruwa a yau da telan da yake yi wa masu manyan shagunan kayan sawa ɗinki a kan sari, su liƙa nasu sunan a wuya su sayar a Abuja ko Legas da ninkin kuɗin da suka biya shi. Ba haramun ba ne, kuma yana kawo kuɗin cefane a lokacin da kasuwa ta yi sanyi, amma wanda ya shekara goma yana wannan kaɗai zai wayi gari ba wanda ya san shi sai mutum ɗaya, kuma ranar da wannan mutum ya sami wanda ya fi shi araha, shi ke nan. Saboda haka duk rigar da ka ɗinka wa naka abokin ciniki, ka sa ɗan ƙyallen da yake ɗauke da sunanka da lambar wayarka a cikin wuya ko a gefen aljihu. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana aiki a ranar da mai rigar ya manta sunanka, ko ya ba ƙaninsa rigar kyauta.

Game da zaɓen suna, ra'ayina shi ne sunanka na yanka ko laƙabin da aka riga aka san ka da shi ya fi kowane ƙirƙirarren suna, musamman irin wanda dattijon da yake son ya tura maka ɗansa ba zai iya furtawa ba. Idan ka fi son suna na daban, ka yi masa rajista a hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni, a matsayin sunan kasuwanci, domin shi ne zai ba ka damar buɗe asusun banki da sunan shago, kuma mai turo kuɗi ya fi samun natsuwa idan sunan da ya fito masa a waya shi ne wanda yake rubuce a allon ƙofa. A sani kuma cewa rajistar CAC daban take da rajistar tambarin kaya, wadda ake yi a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ƙaramin shago ba ya buƙatar ta biyun da gaggawa. Zaɓen suna da rajistar CAC shi ne mafi sauƙi a cikin abin da zan faɗa.

Aiki na farko da ya kamata tela ya koyi ƙi shi ne wanda ba fanninsa ba. Mutane ba sa riƙe mutum da abubuwa goma, abu ɗaya suke riƙe shi da shi. Idan aka ce babbar riga mai aikin hannu, aska biyu ko aska takwas, hankalin mai nema yakan tafi birnin Zariya. Idan aka ce hula, sai a ji sunan Bama. Hatta shaddar da muke yanka kullum, wadda kowa yake kira gezna, sunan kamfanin Getzner ne da yake garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, kuma abin da ya sa sunan ya zauna a bakin 'yan Kantin Kwari shi ne an san shi da kaya iri guda wanda ingancinsa ba ya sauyawa daga bandir zuwa bandir. Haka abin yake a tsakanin teloli. Akwai wanda aka sani da zaman wuya, akwai wanda wandonsa ne ba a samun irinsa, akwai wanda iyaye suke kai wa ɗinkin yara saboda ya san yadda zai bar wurin girma ba tare da rigar ta yi wa yaro burmi ba, kuma a ɓangaren mata akwai wadda ba a kai mata komai sai kayan amare. Telan da ya rubuta a allonsa cewa yana ɗinkin maza da mata da labule da kayan makaranta da rigar kujera ya gaya wa mai wucewa cewa babu abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Na san abin da matashi zai ce a nan, kuma yana da gaskiya: wanda bai biya kuɗin haya ba ba ya zaɓen aiki. A shekarun farko mutum yana karɓar abin da ya samu, har da gyaran zif da rage tsawon wando. Abin da nake nufi shi ne, ko a wannan lokaci ya san inda ya dosa. Ya karɓi facin don ya ci abinci, amma abin da zai rataye a ƙofar shago, da abin da zai ɗauka a hoto, da abin da zai sa a jikinsa ranar Juma'a, ya zama wannan abu ɗaya da yake so a san shi da shi. Sannu a hankali masu neman wannan abu za su yawaita, har ranar da zai iya ce wa mai labule ya je wurin maƙwabcinsa. Telan da yake yawo da riga mai karkataccen aljihu kuwa, ko me ya rubuta a allo, an riga an karanta shi.

Aiki na biyu shi ne wanda ya fi wuyar ƙi, kuma a nan ne sunayen teloli da yawa suke mutuwa kowace shekara: ɗinkin Sallah da ya wuce ƙarfin shago. Duk wanda yake cikin sana'ar ya san yadda watan azumi yake. Daga goman farko kaya suna shigowa, zuwa goman tsakiya an cika kowane lungu da leda, a goman ƙarshe kuwa ana kwana a kan keke, ido ya yi ja, ana yanka yadi bayan sahur da hannun da yake rawa don gajiya. Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan shago yana iya gama kaftani huɗu a rana da kyau, tun daga yanka har guga, to a kwana talatin ba zai wuce ɗari da ashirin ba, kuma wannan idan wuta ba ta yanke ba, keke bai lalace ba, yaro bai kwanta rashin lafiya ba, mai surfani bai riƙe kaya ba. Telan da ya karɓi ɗari biyu ya riga ya san tun ranar da ya karɓa cewa mutum tamanin za su je Idi da tsohuwar riga ko da sabuwa wadda aka yi wa ɗinkin gaggawa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da 'yan'uwa da abokai da majalisar da yake zama. Daga nan ne aka samo mummunan sunan da ya bi sana'armu gaba ɗaya, har ya zama abin barkwanci cewa tela yana kashe waya ranar jajibiri.

Abin da ya sa ƙin yake da wuya shi ne masu kawo kaya a makare ba baƙi ba ne. Kawunka ne, ko abokin mahaifinka, ko Alhajin da ya yi maka ciniki shekara da shekaru, ya aiko direba da shadda kala uku saura kwana biyar Sallah. Kunya takan sa mutum ya ce "a ajiye, Allah zai ba da iko", alhali ya san babu wurin da zai saka su sai ya ture na wani talaka da ya kawo nasa tun watan Sha'aban. Abin da na ga yana aiki shi ne a faɗi gaskiya da ladabi tun a ranar, kuma a haɗa da mafita. Mutum yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi na rufe karɓa tun goma ga wata, kuma ba na so in yi maka alƙawarin da zan ji kunyarka a kansa. Idan ka yarda in ɗinka maka ɗaya ta Idi, sauran biyun bayan Sallah, ko kuma in haɗa ka da wanda na yarda da aikinsa." Wani zai ji haushi ya kwashe kayansa, wannan babu makawa. Amma mafi yawansu sukan dawo, kuma shekara mai zuwa su ne suke fara kawo kaya, suna gaya wa wasu cewa wane ba ya karɓar ɗinki bayan goma ga azumi. Wannan magana da take yawo a bakin mutane ta fi kowace talla da za a biya kuɗi a yi, domin tana nuna cewa ranar da ka faɗa rana ce.

Ba a lokacin Sallah kaɗai ba, kowane alƙawari yana buƙatar a bar masa sarari. Idan aiki zai ɗauki kwana huɗu, a ce mako guda, a kuma kira mai kaya a rana ta biyar a ce ya zo ya karɓa. Idan wani abu ya gitta, kai ne za ka fara kira kafin ranar ta zo, ba shi ne zai hau adaidaita ya zo ya tarar da yadinsa a ninke yadda ya kawo shi ba. Rashin wuta ba uzuri ba ne da mai kaya zai karɓa, domin shi ma a ƙasar yake zaune, kuma ya ɗauka ka saka wannan a lissafinka. Kuɗin kafin alƙalami kuwa, a kashe shi a kan zare da maɓalli da aikin rigar da aka biya dominta, domin da yawan ɗinkin da yake makalewa a shago ba rashin lokaci ne ya riƙe shi ba, an cinye kuɗin ne a wata hidima.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba, wato ragowar yadi. Mutum ya kawo yadi biyar, ɗinki ya ci huɗu da rabi, rabin nan nasa ne. Wasu teloli sun mayar da shi halak ɗinsu, har suna haɗa wa 'ya'yansu kayan Sallah da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa saɓa alƙawari da cin amana a cikin alamomin munafuki, kuma ko ba don wannan ba, ninke ragowar a saka a cikin leda tare da riga yana yin tasiri a zuciyar mai kaya fiye da yadda ake zato, musamman yanzu da shadda mai kyau ta zama abin da ake tara wa kuɗi wata da watanni.

Sai maganar waya da intanet, inda matasa suke so a fara. A nan ma akwai abin ƙi, shi ne hoton aikin da ba naka ba. Ya zama ruwan dare mutum ya kwaso hotunan ɗinkin wasu, wani lokaci ma na Senegal ko Mali, ya zuba a shafinsa kamar daga shagonsa suka fito. Mai kaya zai zo da wannan hoto ya ce irinsa yake so, a yi masa abin da bai kai ba, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da ko hoton gaskiya ba. Hoto ɗaya na aikinka, wanda aka ɗauka da hasken safiya a jikin bango mai tsabta, aka matso kusa har ana ganin layin ɗinki da bakin aljihu, ya fi ɗari na aro. Gajeren bidiyo da yake nuna hannunka yana yanka wuya ko yana haɗa hannun riga ya fi hoton ma, domin shi ba a satarsa cikin sauƙi. Kada kuma a saka hoton abokin ciniki sai da izininsa, kuma ga masu ɗinkin mata wannan ba abin wasa ba ne, domin hoton amarya guda da ya fita ba da sanin gidansu ba yana iya rufe wa tela ƙofar dangi gaba ɗaya.

A ganina, ga telan unguwa, WhatsApp ya fi Instagram da TikTok kawo ciniki, saboda waɗanda suke ganin abin da ka ɗora a can mutane ne da suka riga suka san ka, suna da lambarka, kuma suna iya zuwa shagonka da ƙafa. Mabiya dubu hamsin da suke warwatse a duniya suna da daɗin faɗa, amma ba su ne suke kawo yadi ba, balle waɗanda aka saya da kuɗi. Sannan kada mutum ya manta cewa duk waɗannan dandamali ba nasa ba ne. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Abin da yake naka shi ne littafin awo, wanda yake ɗauke da sunan kowane mai kaya, da lambarsa, da awonsa, da ranar da aka auna shi, da ɗan bayanin abin da yake so, kamar cewa wane ba ya son wando ya matse a ƙafa, wane kuma yana son aljihu mai zurfi saboda waya biyu yake riƙewa. Mutumin da ya kira daga Kaduna ko Yamai ya ce a ɗinka masa kamar na bara, aka yi masa ba tare da ya zo ba kuma ya zauna daidai, da wuya ya sake neman wani tela.

Farashi ma wani wuri ne da ake ƙin aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, zare da sauran kayan aiki suka bi, kuma telan da ya ji tsoron ƙara kuɗi dole ya rage wani abu a ɓoye, ko ya sa zare mai araha ko ya rage lokacin da yake ba kowace riga. Gara a faɗi farashin da zai ba da damar yin aikin da kyau, a tsaya a kansa ga kowa, wanda bai iya ba a rabu da mutunci. Abin da yake ɓata suna shi ne farashi biyu, a caji mai mota kuɗi ɗaya, a caji mai babur wani, domin watarana za su haɗu a majalisa su kwatanta.

Idan shago ya girma, sunan yana komawa hannun yara, kuma a nan ne manyan teloli da dama suka fara gangarowa ba su sani ba. Mai kaya ya zo ne saboda hannunka, amma yanzu yaro ne yake yanka, yaro ne yake haɗawa, kai kuma kana bakin ƙofa kana amsa waya. Ba laifi ba ne a raba aiki, domin mutum ɗaya ba zai iya komai ba, amma yanka da duban ƙarshe bai kamata su bar hannun mai suna ba. Kowace riga kafin ta shiga leda a buɗe ta, a duba wuya, a gwada hannu biyu a ga sun yi daidai, a ja maɓalli, a yanke zaren da ya rage, kuma wadda ba ta yi ba a farke ta ko da mai ita yana zaune a benci yana jira. Yaran da suka ga ana farke aikin da mai kaya ma ba zai gane aibinsa ba sukan ɗauki wannan ɗabi'a, kuma ranar da aka yaye su suka buɗe nasu shagon, abin da mutanen unguwarsu za su fara tambaya shi ne a wurin wa suka koya. Shi ya sa nake ganin bai kamata maigida ya riƙe yaron da ya ƙware don tsoron kada ya tafi masa da abokan ciniki ba. Gara ya sallame shi a kan lokaci, ya taimaka masa da keke idan da hali, ya kuma riƙa tura masa aikin da ya yi wa shagonsa yawa a watan azumi.